Gam ɗin Yaya Liƙau

Yayana ma'aikacin wutar lantarki ne, kuma tun yana saurayi abokan aikinsa suka raɗa masa suna Liƙau. Sunan ya bi shi, don mutum ne da ba ya iya ganin abu yana motsi ya ƙyale. Ko kujera ce ta yi ɗan girgiɗi a ɗakina, kafin in kawo masa ruwa ya kife ta yana neman ƙusa. Gidan haya yake zaune, shagonsa bai fi akurki ba. Abin da ya mallaka a duniya magana ɗaya ce, yana faɗinta har mun haddace: tun da ya fara sana'a ba a taɓa kiran wani ya gyara aikinsa ba.

Yawancin aikinsa na ƙarƙashin ƙasa ne. Ya haƙa rami, ya shimfiɗa bututun roba, ya zura waya a ciki, bututun ya fito daga ƙasa ya hau bango zuwa akwatin mita. A daidai wannan hawan, ƙa'idar aikin ta ce a sa wani haɗi mai zamiya, bututu cikin bututu kamar hannu cikin hannun riga. Dalili kuwa, ƙasar da aka cike rami da ita tana zama bayan ruwa ta ja bututun, roba kuma tana miƙewa da zafi ta takure da sanyi. In akwai wurin zamiya, bututun ya yi motsinsa, akwatin ya zauna lafiya. Yaya yana sayen haɗin, yana sawa, mai duba aiki ya gani ya wuce. Da ya ba da baya sai Yaya ya ɗauko gwangwanin gam ya shafe bakin haɗin kaf.

"Abin da ke rawa ai ba aiki ba ne," in ji shi.

Na taɓa ce masa, "Yaya, su da suka ƙera shi ba su san gam ba ne?" Ya ce in tsaya ga keken ɗinkina.

Da mijin 'yarsa ta fari ya gina gida, Yaya bai bar kowa ya taɓa ko ƙwan fitila ba. Bayan damina muka je gaishe su tare. A lungun gefen gidan, inda mitar take, ya ja ya tsaya. Haɗin da ke jikin bangon sabo ne, babu ɗigon gam a bakinsa. A saman akwatin ga ramukan tsofaffin ƙusoshi, ga baƙin hayaƙi da aka yi ƙoƙarin gogewa.

Surukin ya zo ya durƙusa. "Baba, mota ce ta buge shi. Ranar ba mu same ka ba, shi ya sa muka kira wani."

Lungun nan ko mutum biyu ba sa jerawa a cikinsa, balle mota. Yaya ya ce, "Allah ya tsare gaba."

Muka shiga gaishe da Hajiya, mahaifiyar surukin. Hannunta na dama yana cikin mayafi, amma da ta gyara zama sai bandeji ya leƙo.

"Tukunya ce ta ƙone ni," ta yi saurin cewa. "Kai dai Allah ya saka maka da alheri, wutar gidan nan ko ƙiftawa ba ta yi."

A kicin 'yar Yaya ta gaya mini gaskiya tana hawaye. Ƙasa ta zauna, bututun ya fizgo akwatin daga bango, waya ta saluɓe a bakin ƙarfe. Hajiya ta ga akwatin a karkace, ta kai jiƙaƙƙen hannu ta gyara, wuta ta yi jifa da ita. "Gwaggo, don Allah kar Baba ya ji. Ita da kanta ta hana."

Kunya ta rufe ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na so in yi masa tas a hanya, na buɗe baki ke nan ya riga ni.

"Na sani. Tun da na ga bangon na sani." Muka ɗan taka, ya ƙara da cewa, "Da zagina Hajiya ta yi da na ji sauƙi. Yau ni ake lallaɓawa da ƙarya kamar majinyaci."

Washegari ina shara a ƙofar gida na gan shi a gidan maƙwabtana da zarto da jaka cike da sababbin haɗi. Shi ya yi wayar gidan tun ana gini, amma matar da ke haya a ciki baƙuwa ce, ba ta san shi ba. Ya nuna mata akwatin da ya fara sunkuyowa, ya yi mata bayanin gam ɗin.

Ta dafe ƙirji. "Nan fa yarana suke wasa! Wane marar tsoron Allah ne ya yi wannan aikin?"

Ba wanda ya san amsar a wurin sai ni da shi. Ya dube ni, na sunkuyar da kai ga tsintsiyata.

"Ni ne, baiwar Allah," ya ce. "Ki shigar da yaran ciki, akwai sauran gidaje a gabana."