Jar Saniyar Kawu

Shekarar da tsawa ta faɗa wa gidan rediyonmu na Filinge, ni ce mai kula da na'urori. Ƙaramar rediyo ce ta jama'a, ɗaki biyu da rumfa, amma muryarta tana kaiwa ƙauyukan Kurfai har ta leƙa Imanan. Allah ya tsare mana eriya, sai dai akwatin haɗa sauti ya ƙone ƙurmus. Aka aiko da sabo daga Yamai yana ta ƙyalli, amma shi ta cikin kwamfuta yake bi kafin murya ta fita. Na jona shi, kwamfutar ta yi kamar ba ta gan shi ba. Tsarin da ke tafiyar da ita ya tsufa, sai an sauko mata da sabuntawa daga intanet kafin ta gane baƙon.

Irin tsarin namu na kyauta ne, kuma ba wuri ɗaya ake ajiye sabuntawarsa ba. Akwai babban rumbu, akwai ƙanana a ƙasashe da dama, kowanne da kwafin abin da ke cikin babban. Masu sana'ar suna ce musu madubai, ni dai rumbuna nake cewa. Kwana biyu na yi ina ja daga babban. Wani layi ne a fuskar kwamfuta da ya kamata ya cika daga hagu zuwa dama. Ya ɗan matsa, ya tsaya, ya yanke, na sake. Sai na ce ai ni ba wawuya ba ce, na buɗe jerin rumbunan na zaɓi na ƙasar da ta fi kusa da mu. Wannan ya ma fi muni. Na zagi kwamfutar, na zagi teburin da take kai, har daraktanmu ya daina leƙowa tambaya.

Ana gobe kasuwa, da hantsi, sai ga kawuna, wan mahaifiyata. Tun asuba ya taso daga ƙauye a ƙafa. Tsoho ne da ya yi rayuwarsa a bayan shanu, shekarun fari suka cinye garken suka bar masa saniya ɗaya, ja mai farin goshi. Ko ruwan da na miƙa masa bai sha ba.

“Ɗiyata, saniyag ga ta ɓace, yau kwana ukku. Ta bar maraƙi gida, sai kuka shikai. Ki hwaɗa ma mutane cikin rediyo.”

Duk ɗan Kurfai ya san abin da gobe take nufi. Dabbar da ta ɓata, in tana hannun mugu, ranar kasuwa ake shigar da ita cikin dabbobi, kafin la'asar an loda ta a mota an yi kudu da ita. Mai shela zai iya zaga gari, amma saniyar ba a gari take ba. Rediyo ce kaɗai za ta kai inda ake bukata, kuma ga ni zaune a gabanta, ta zama bebiya a hannuna.

Na ce, “Kawu, rediyo ba ta magana. Akwai abin da nika jira shi sauko.”

Ya tuɓe takalmansa ya zauna a tabarma kusa da ƙafata, ya kafa wa layin ido. Kunya ta ishe ni. Wannan mutumin shi ya tsaya aka bar ni na ci gaba da lakwal, wato makarantar boko, lokacin da kowa ke cewa ya isa haka. Yau ya zo da bukatarsa ta farko, ni kuwa abin da zan nuna masa layi ne da ba ya motsi.

Can ya ce, “Daga ina abin ka zakkuwa?”

Na yi masa bayanin rumbunan a gajarce, da ɗan zafin rai, don a ganina ba lokacin karatu ba ne. Na ce na gwada babban, na gwada na kusa.

“Guda nawa na dud da dud?”

“Suna da yawa, Kawu. Sun hi ɗari.”

Ya kalle ni irin kallon da yake yi wa makiyayin da ya bar shanu suka shiga gona.

“Rijiya ɗari, kin ɗanɗana biyu, kin zamna kina hushi? Babbar rijiya kowa ya san ta, can garkuna ka taruwa, sai ki wuni ba ki kai bakinta ba. Ta kusa kuma, wa ya ce miki ita ta kusa? In anka yi shibka, gonaki sun tare hanya, burtali kaɗai a kan bi. Wata rijiyar kina hangen ta, amma burtali sai ya kai ki ta nesa kahin shi komo gare ta. Ni ban taɓa kora garke ban tahi da guga guda na gwada ba.”

Na buɗe baki zan ce intanet ba daji ba ne, sai na rufe. Na tuna abin da wani malami ya zana mana a allo lokacin da aka kai mu horo Yamai, ni kuwa ina ta hamma. Wayar da ke fitar da mu duniya bakin teku take gangarawa, ta bi ƙarƙashin ruwa har ƙasashen Turawa. Sau da yawa saƙon da za shi ƙasar maƙwabta sai ya je can ya juyo. Ashe rumbun da na zaɓa don yana kusa, tafiya biyu nake yi kafin in kai shi. Na ji haushin kaina ƙwarai, amma a ƙarƙashin haushin wani daɗi ya fara tasowa.

A kowane rumbu akwai wani ɗan ƙaramin fayil, jerin kayan da ke ciki. Shi na mayar gugana. Na juya bayan wata tsohuwar takardar sanarwa, na ajiye agogon salulata a gefe. In jawo ɗan fayil ɗin daga rumbu, in duba daƙiƙa nawa ya ɗauka, in rubuta, in wuce na gaba. Wanda ya tsaya yana nuƙu-nuƙu ba na jiransa. Kawu ya matso har gemunsa na neman taɓa tebur. Bai san harafi ko ɗaya ba, amma ya gane layin sarai, ya ɗauki aikin yanke hukunci.

“Wagga ta ƙahe, wuce.”

“Wagga da dama-dama, sa mata alama.”

Mun kai wajen na goma sha bakwai, wani rumbu na wata jami'a a ƙasar sanyi da ban taɓa mafarkin zaɓa ba, na danna. Kafin in kai ido kan agogo an gama. Na zaci kuskure ne, na sake. Haka dai. Kawu ya buga cinyarsa.

“Ita ta! Kora garken!”

Na sauya adireshin rumbun a cikin tsarin, na saki babbar sabuntawar. Wayyo daɗi! Layin da ya yi kwana biyu yana ja da ciki ya miƙe yana tafiya a gaban idona. Da azahar sadarwa ta yanke sau ɗaya, na ji kamar in kurma ihu, amma da ta dawo sai ya ɗora daga inda ya tsaya. Kawu ya fita ya yi salla a rumfa, ya dawo ya tarar an wuce rabi. Sai a lokacin ya karɓi ruwan ya sha.

Ana kiran la'asar aka gama. Na kashe kwamfutar na kunna. Fitilun sabon akwatin suka kama ɗaya bayan ɗaya. Na ƙwanƙwasa makirfo da yatsa, sai na ji ƙwas-ƙwas ɗin ya fito daga ƴar rediyon mai shayin da ke ƙofarmu, mutanen wurin suka ɗauki sowa. Darakta ya shigo da gudu da tarin sanarwoyin kwana shidan da rediyo ta yi a kashe a hannu. Na ce masa duk su jira. Ban taɓa yi masa magana haka ba.

Na gaishe da masu saurare, na ba su haƙuri, na faɗi lambar wayar gidan rediyo, sannan na tura wa kawu makirfo. Ya riƙe shi da hannu biyu. Ya faɗi jar fatarta da farin goshinta, da ƙahon hagu da ya karkace, da tsagar kunnen dama, da tabon ƙaya a cinya. Har ya ce ba ta son a tunkare ta ta baya. Na maimaita da Zabarmanci, muka sake sau uku.

Rana ta yi sanyi, kawu ya fara kallon ƙofa, sai wayar ta yi ƙara. Wata mata ce daga wani ƙauye wajen Bankuku. Ta ce akwai jar saniya ɗaure a bayan gidansu, wani baƙo ya kawo ta jiya ya roƙi a ajiye masa zuwa gobe da safe, zai wuce da ita kasuwa. Ta ce mijinta ya tafi kiran maigari, amma ba za su saki dabba ga murya kawai ba. Da me za su tabbatar?

Kawu ya karɓi wayar. “Baiwar Allah, kai wayag ga kusa da kunnenta.”

Muka ji takun matar, muka ji kaji, muka ji an buɗe ƙyaure. Kawu ya rufe ido ya yi wani kira daga maƙogwaro, dogo mai karyewa a ƙarshe, wanda nake ji tun ina yarinya in ya dawo da shanu da yamma. Shiru. Ya sake.

Sai saniyar ta amsa. Ta amsa da ƙarfi har wayar ta yi ƙara, ta sake, ta sake, muna jin matar tana salati tana cewa saniyar za ta tsinke igiya. Na manta ban rufe makirfo ba, duk Kurfai ta ji. Ni da ba na kuka a gaban mutane, ranar na yi, kuma ban ɓoye ba.

Kawu ya ajiye wayar a hankali ya miƙe. Darakta ya ce a dakata a samo mai babur. Kafin a samo, tsohon ya kai bakin titi, yana sauri yana waige, yana ɗaga mana hannu mu yi maza.