Tafiyar Safi a Tsohon Kaset

Duk wanda ya yi aure ko suna a Tasawa shekaru ashirin da biyar da suka wuce ya san Ƙadri Ishaƙu. Shi ne dogon mutumin nan mai kamara a kafaɗa, wanda ake ɗauka har Mayahi da Attantane. Da wayar hannu ta karɓe sana'ar, sai ya koma wata rumfa a bayan tasha, yana juye tsofaffin kaset zuwa faifai. Ni maƙwabcinsa ne; Mushe ake ce mini, wato malamin makaranta. Tun da na bar koyarwa nake zama a bencinsa, ina karanta masa Faransancin da ordinatarsa, wato kwamfuta, ke nunawa.

Kafin a fara juyi, na'urar takan tambayi girman hoton da za ta kama. Akwai ƙarami, ɗigo 352 a kwance da 288 a tsaye. Akwai babba, 720 da 576. Ƙarami yana ɗauke kaset na awa uku a zama ɗaya, amma fuskar da ke nesa takan dagule. Babba yana riƙe duk abin da kaset ke da shi, sai dai tsohuwar ordinatar takan cika a minti arba'in. Kullum ƙarami Ƙadri ke zaɓa, kuma yana da hujja. Mutanenmu ba sa tambayar kyan hoto. Abin da suke tambaya shi ne, ina kawu wane, ai ya zo. Yanke wanda ya taka ƙafa ya zo bikinka daidai yake da hana shi tabarma.

Matarsa Safi, ƴar garin Kanan-Bakashe, ta rasu ƴarsu ta fari tana da shekara huɗu. Bai sake aure ba. Ƴar, Marwa, ta tashi a hannun gwaggonta, yau tana aikin jinya a Agadas. Ƙadri ba ya faɗar sunanta, kamar yadda al'ada ta hana uba faɗar sunan ɗan fari; “yarinyar nan” yake cewa.

Bara, bayan girbin gero, ta kira shi. Ta ce tana da ciki, tana so ta ga fuskar mahaifiyarta kafin ta haihu. Hoton Safi ko ɗaya babu a gidan. Abin da ya rage shi ne kaset ɗin sunan Marwa, wanda Ƙadri ya ɗauka da hannunsa, ya kulle a akwati, bai taɓa kallo ba.

Da hantsi ya kawo shi rumfa. Zafin shekaru ya sa zaren ya manne, gefensa ya yi fari. Ya juya shi da yatsa a hankali, ya ce sau ɗaya zai bi ta cikin manyeto, na'urar kunna kaset, ba zai jure a kai shi gaba ko a dawo da shi baya ba.

“To, Mushe, kai ne mai ilimi,” in ji shi. “In na sa ƙarami, in tana nesa, hayaƙi za mu gani. In na sa babba, minti arba'in ke nan. In ba ta fito a ciki ba, na kashe kaset a banza.”

Na ce, “Kai ka ɗauka. A ina ka ɗauke ta?”

“Ban ɗauke ta ba.”

“Matarka, ranar sunan ƴarka?”

“Surukaina cike da gida, in ɗora mata kamara? Kai da ka yi boko a lakkwal, ka taɓa kallon uwargidanka a gaban babanta?”

Ban taɓa ba. Ya ce iyakar abin da ya tuna, ta gilma ta tsakar gida lokacin da wanzami ya iso, wanzami kuwa da wuri yake zuwa. Ya daɗe yana duban lambobin nan biyu. Sa'an nan, karo na farko a saninmu, ya danna babba.

Hoto ya taso. Ga liman, ga rago, ga goro ana rabawa. Ga mutane da yawa da muka riga muka kai makwanci, suna gyara hula suna dariya. Ƙadri bai gaisa da kowa a cikinsu ba. Idonsa na kan lambar da ke nuna sauran wuri. Minti ashirin, talatin. A minti na talatin da huɗu wanzami ya shigo da zabirarsa, kamara ta bi shi. A can baya, kusa da rumbu, wata mace ta fito daga ɗaki da ƙwarya a hannu. Ta hango kamara, ta ja mayafi, ta karkata kai, ta wuce. Daƙiƙa tara. Jim kaɗan zaren ya cije a cikin manyeto, hoto ya tsaya.

Muka maimaita daƙiƙun a ordinatar. Fuskar ba ta fi ƙwayar wake ba, rabinta kuma a cikin mayafi. Babban girma ya kama duk abin da ke kaset ɗin, amma ba ya ƙirƙiro abin da mai kamara bai kalla ba. Abin da ya fito sarai shi ne tafiyarta: tana ɗan jan ƙafar hagu, tana ɗauke da ƙwaryar a tafin hannu daidai kafaɗa.

Ya juye hoton a faifai, ya ba wani direban Agadas. Bayan kwana huɗu Marwa ta kira, ina zaune. Ya buɗe muryar wayar saboda kunnensa ya yi nauyi.

“Baba, ban ga fuskar ba.”

“Laifina ne.”

“Amma haka nake tafiya. Abokan aikina har tsokanata suke yi.”

Ƙadri ya ce, “Na sani. Shi ya sa in kin zo ba na raka ki tasha.”

Har yanzu yana buɗe rumfar, ko da yake sai a yi wata ba a kawo kaset ba. In an kawo, kafin ya taɓa na'ura yakan tambayi mai shi, “Wa kake nema a ciki?”