Kafin Labaran Ƙarfe Huɗu

Har yanzu ina mafarkinta da jan biro a bayan kunne, tana ratsa teburan ɗakin labarai, takardu na tashi a hankali kamar tantabaru. 'Yata ce. Sunan mahaifiyata na sa mata, shi ya sa nake ce mata Uwata.

Shekara goma sha ɗaya ta yi a gidan rediyo. A ta uku wata mota ta kife, ta riga kowa samun sunayen mamatan, ta karanta su a labaran rana. Edita ya yaba. Washegari wata tsohuwa ta zo ta zauna a bencin bakin ƙofa. Ta ce tana cikin shanya ta ji sunan ɗanta, daga nan aka wuce labarin ƙwallo. Ba faɗa ya kawo ta ba. So take kawai ta ga mai muryar.

Daga ranar Uwata ba ta sake karanta sunan mamaci ba sai an tabbatar mata wani ya taka da ƙafarsa ya gaya wa iyalin. Abokan aiki suka laƙaba mata Sai-an-je.

Da ta koma koyarwa a jami'a na tsokane ta: "Uwata, an gaji da farautar labari, an koma surutu?"

"Gado na yi, Baba. Wa ya shekara talatin yana shaƙar alli?"

Duk shekara, a darasin farko, takan ajiye kujera a gaban aji ta hana kowa zama. "Ta tsohuwar ce," in ji ta. "Duk abin da za ku rubuta, tana ji."

Ranar da ta yanke jiki ta faɗi a ofis, da hantsi, ina lambu, wayata na gida ba caji. Na dawo na yi wanka, na zauna a inuwa da rediyo a cinya, ina jiran labaran ƙarfe huɗu kamar kullum. Sai daga baya na ji cewa tun azahar labarin rasuwarta ya isa gidajen rediyo uku. A duka ukun akwai ɗalibanta. Suka riƙe shi, manyansu na ta faɗa, su kuma suna neman wanda ya san gidana.

Saura minti shida aka yi sallama. Wani magidanci ne, gumi ya jiƙa masa riga. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya dubi rediyon.

"Baba, ni ɗalibin Malama ne. Don Allah a kashe wannan tukuna."

Na kashe. Daga bakin mutum na ji, yana riƙe da hannuna.

A mafarkin, wani lokaci ɗakin labaran yakan rikiɗe ya zama aji, haske na zubowa ta tagogi. Ni ne a kan kujerar. Takan juyo daga allo ta ce, "Baba, an je?"

Nakan ce mata an je.