Ranar da Aka Kashe Wayar Baba Ndesario

Anaeli Munuo ya tsufa ne a cikin wani shago da bai fi tabarma faɗi ba, a layin 'yan waya na kasuwar Kariakoo, a birnin Dar. In ya miƙe hannuwansa sai ya taɓa bango da bango. Da rediyo ya fara, yana saurayi sabon saukowa daga ƙauyensu na kan dutse, can wajen garin Moshi, sai kaset, sai talabijin, daga bisani waya. Wasu kayan kasuwa ce ta kashe su, wasu kuwa sanarwa ce daga ofishin gwamnati.

Shekarar da aka sauya tsarin talabijin, ya wayi gari da akwatunan da ba sa nuna komai sai an haɗa musu wata na'ura, ya rabu da su a wulaƙance. Da aka ce kowane ɗan kasuwa ya sayi injin rasit, suka rufe shaguna, suka yi ta zaman dirshan a bakin titi, yunwa ta buɗe shagunan, suka sayi injin. Aka yi rajistar layi, aka dawo aka ce ba ta yi ba. Kuɗin fito kuwa yana hawa yana sauka kamar zazzaɓin damina. Abu ɗaya Anaeli ya koya a cikin wannan duka: hukuma takan faɗi magana, ta ɗage, ta sake faɗa, ta sake ɗagewa, kuma wanda ya yi saurin tashi shi ke asara sau biyu. Don haka ya daina sauri. Ya daina fushi ma. Sai dai in an karanta sabuwar doka a rediyo ya cire tabarau ya murza idanu.

Maƙwabcinsa Shabani, mai gyaran waya, ɗan bakin teku ne, bakinsa ba ya hutawa. Bai taɓa kiran Anaeli da sunansa ba sai Mangi, kamar yadda ake tsokanar kowane ɗan dutse mai shago.

"Mangi, ka ji wai za a kashe wayoyin jabu?"

"Na ji."

"To kai da ka cika dutsenku da su fa?"

"Za su ɗage."

"In ba su ɗage ba, danginka su koma hawa bishiyar ayaba suna ƙwala wa juna kira."

"Ku da kuke kwance gindin kwakwa kuna jira ta faɗo, wa ke kiranku ma?"

Shabani bai yi ƙarya ba. Kowane Disamba mutanen dutse sukan koma gida a gan su a ƙirga su, kowa da tsarabar sana'arsa. Mai yadi ya kai yadi, mai kwano ya kai kwano. Anaeli waya yake kaiwa, kuma shekara da shekaru rabin wayoyin ƙauyen daga jakarsa suka fito, irin masu araha da ake shigowa da su a buhu. Ba ya ɓoye wa kowa ko wace iri ce. Wan mahaifinsa, Baba Ndesario, wanda ke riƙe da gonar gado tun rasuwar mahaifin Anaeli, ya taɓa miƙa masa 'yar ƙarama ta ainihi, tsohon ya juya ta ya mayar.

"Wannan ta 'yan mata ce. Ba ni waccan mai eriya."

Waccan ɗin layi uku take ci, ga tocila, ga rediyo, in ta yi ƙara kuma har saniyar da ke turke sai ta waiwayo. Baba Ndesario ya so ta kamar ɗiya.

Da sanarwar ta yi yawa Anaeli ya daina saro irin waɗannan, ya mayar wa dila ragowar da asara. Na ƙauye ne ya bari sai Disamba, in ya je da kansa ya canza wa tsofaffi a hankali. A ransa wa'adin tsakiyar shekara da hukuma ta sa ba zai tsaya ba, kuma hankalinsa na wani wuri. 'Yarsa Haika, ma'aikaciyar jinya, ta kawo wanda take so, wani malamin makaranta ɗan garin Marangu, kuma iyayensa za su hau dutse neman aure bayan sanyin tsakiyar shekara ya ja baya. A gonar gado ake karɓar irin waɗannan baƙi. Dattijon gida, wato Baba Ndesario, shi ne ke fara ɗanɗana mbegen da suka kawo, giyar ayabar da ba a buɗe maganar aure sai da ita, shi ne kuma ke magana da yawun dangi. In babu shi, baƙi za su koma su ce yarinyar ba ta da mutane.

Haika ta taɓa tambayarsa, suna cin abinci, "Baba, ka duba wayar Kaka kuwa?"

"Zan duba," ya ce.

Ba su ɗage ba. Safiyar ranar layin 'yan waya ya cika da mutane, kowa riƙe da waya mai haske da ba ta kira, ba ta karɓa. Wasu na zagi, wasu na roƙon Shabani ya yi musu dabara, shi kuwa yana cewa ba ya gyaran abin da hukuma ta yanka. Anaeli ya wuni yana maimaita jawabi ɗaya har muryarsa ta dishe. Da ya sami sarari ya kira Baba Ndesario, wata murya ta ce ba a samun lambar. Ya yi niyyar aika sabuwa ta hannun direban mota a ƙarshen mako. Kasuwa ta cika da masu neman ta ainihi, ƙarshen makon ya wuce.

A cikin makon nan ne wan matar Baba Ndesario ya rasu a garinsu, Rombo. Surukai suka yi ta kira. Sauran wayoyin ƙauyen da suke da lambarsu duk daga jaka ɗaya suka fito. Shi kuwa tsohon yana zaune a ƙofar gida, wayarsa cike da caji tana haske, rediyonta na waƙar coci, yana gaya wa matarsa cewa kwana biyu mutane sun yi lafiya, ba mai damunsa. Sai bayan an binne suka ji, a bakin wani baƙo a harabar coci. Matar ba ta ga gawar wanta ba. Mutanen Rombo suka ce daman sun san Ndesario ya raina su.

Saƙon ya iso Kariakoo ta bakin direban motar Moshi, wanda ya tsaya a ƙofar shago yana sosa ƙeya.

"Tsoho ya ce in faɗa maka kamar yadda ya faɗa. Wai wanda ya kunyata shi gaban surukansa, kada ya sa ran zai tsaya masa gaban nasa. Wai baƙinka su nemi wani gida."

Shabani, da ke jin komai ta jikin katako, ranar bai yi tsokana ba.

A gida Haika ta saurara har ƙarshe, ta tashi ta goge farar rigarta ta aiki, ta sake goge ta. Uwarta Aikande ce ta yi magana.

"Baban Haika, sai ka hau dutse da ganyen ban haƙuri."

"Ni na kashe layin? Ni na rubuta dokar?"

"Ba a kai wa gwamnati ganye."

"Shi ya zaɓi wayar da hannunsa. Na ba shi ta kirki ya ce ta 'yan mata ce."

"To je ka faɗa masa haka, mu gani ko zai ɗanɗana mbege."

Ya dubi ƙofar ɗakin da Haika ke guga. 

Motar Moshi yini guda take ci. Anaeli ya zauna gefen taga da 'yar jaka a cinya, gwiwoyinsa na dukan kujerar gaba, gonakin sisal, tsiron da ake igiya da shi, na wucewa ba iyaka. Ya kwana a Moshi, da safe ya hau ƙaramar mota har inda kwalta ta ƙare, sauran ya taka da ƙafa cikin hazo da jar laka. A bakin gonar gado, daga shingen da mahaifinsa ya dasa, ya tsinki ganyen isale guda, dogo kore, ya ƙulle shi a tsakiya. Wanda aka miƙa wa isale a ƙulle ba shi da ikon ƙin yafewa, ko da jini ne a tsakani. Anaeli ya ga ana yi tun yana yaro. Bai taɓa zaton zai yi da furfura a kansa ba, a kan waya.

Ya sami Baba Ndesario a bayan ɗaki yana sassara wa saniya kututturen ayaba. Tsohon ya gan shi, bai daina sara ba. Anaeli ya gaishe shi, ya durƙusa a kan lakar, ya miƙa ganyen da hannu biyu. Adda ta ci gaba da sauka. Sanyin ƙasa ya ratsa wandonsa. Saniyar ta cinye abin da aka zuba mata tana neman ƙari kafin tsohon ya soke addar a kututture.

"Ka zo da wayo, ɗan Dar. Ka san ba ni da yadda zan yi."

"Na yi kuskure, Baba."

"Me ka yi? Faɗa in ji ko ka sani."

"Na san za a kashe ta, ban zo ba. Na ɗauka za su ɗage."

"Ka ɗauka." Tsohon ya goge hannu a jikin kwat ɗinsa. "Ka san inda na je makon jiya? Rombo. Da ganye irin wannan. Na durƙusa gaban ɗan marigayi, yaron da na gani yana yawo ba wando. Sai da aka kama ni na tashi. Uwarka ta ɗaki har yau ba ta zuba mini shayi da hannunta ba."

Anaeli ya sunkuyar da kai. Bai sauke ganyen ba. Can tsohon ya karɓi ganyen, ya dube shi, ya soke shi a jikin jinkar rumfar saniya.

"Tashi, kafin a kama ka kai ma. An wuce wurin. Baƙinka su zo, zan tsaya. Haika ba ta yi mini komai ba."

Suka zauna a kan benci. Matar gidan ta kawo shayi, ta ajiye na Anaeli a hannunsa, na mijinta a ƙasa. Da ya ga fuskar tsohon ta saki, Anaeli ya buɗe jaka ya fito da kwali.

"Wannan ta ainihi ce, Baba. Na duba lambarta da kaina, hukuma ta san da ita. Tana da tocila, tana da rediyo."

Tsohon bai miƙa hannu ba. "Har yaushe?"

"Na'am?"

"Har yaushe hukuma ta san da ita? Ka ba ni tabbacin ba za su wayi gari su ce ita ma wani abu ya rage mata ba?"

Anaeli ɗan kasuwa ne, amsar tana bakinsa, ya sha ba wa masu saye ita ba tare da ya ƙifta ido ba. Amma an fara raɗe-raɗin wata sabuwar rajistar layi, kuma yanzun nan ya tashi daga durƙuso.

"Ba zan iya ba ka tabbaci ba, Baba."

"To mayar da ita. Waccan ta yi mini ƙarya tana haske. Gara in san ba ni da kunne, da in zauna ina zaton ina ji. Duk mai magana da ni ya san hanyar gidana."

"Baba, maganar auren nan da yawa. Ga rana, ga adadin baƙi, ga abin da za su kawo."

"Ƙafarka ta gutsure ne?"

Anaeli ya nemi a bar wayar a hannun matar gida, tsohon ya ce ba a gidansa ba. Ya nemi ya riƙa kiran wani maƙwabci a isar da saƙo, tsohon ya ce maganar auren jikarsa ba ta bin bakin maƙwabta.

Haka Anaeli, mai sayar da waya, ya ƙare sanyin shekarar nan a motar Moshi. Mutanen Marangu su kira shi su faɗi rana, ya rufe shago ya hau dutse, tsohon ya ce ranar ta ci karo da taron coci, ya sauko ya kira su. Su ce baƙi za su ƙaru, ya sake hawa. Karen motar ya san shi, yana ajiye masa kujerar da ke da wurin miƙe ƙafa. Shabani na tsare masa shago yana gaya wa masu saye cewa Mangi ya tafi kai saƙon tes da ƙafa.

Baƙi suka zo ranar wata Asabar da rana ta fito. Aka shimfiɗa ganyen ayaba, aka jera benci, aka sauke tulunan mbege. Baba Ndesario ya sa kwat ɗinsa na coci, ya ɗanɗana, ya gyaɗa kai, ya miƙe ya fara lissafo kakannin Munuo ɗaya bayan ɗaya, da gonar kowa da inda aka binne shi, don baƙi su san gidan da suka shigo. Anaeli na zaune a bayansa, jingine da bangon ɗaki, rana na dukan gwiwoyinsa. Kafin a kai kan sunan mahaifinsa, barci ya kwashe shi, kansa ya langaɓe a kafaɗa.

Aikande ta miƙa hannu za ta zungure shi. Haika, daga inda take zaune cikin mata, ta girgiza mata kai.