Ba Kai Ka Ɗaure Tiyon Nan Ba, Ƙanena

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Ranar Laraba, sha bakwai ga watan Yuni, da hantsi, ƙanena ya cika a ɗakin masu ƙuna na asibiti, kwana huɗu bayan wuta ta kama shi a garejinsa. Shekararsa arba'in da ɗaya. A layin makanikai Mai Kunne ake ce masa, domin da doguwar sukudireba yake sauraron inji. Ya dafa bakinta a jikin ƙarfe, ya kara ƙotar a kunnensa, ya gaya maka ciwon.

Ƙanena, an ce in yi haƙuri, in yi shiru. Haƙurin ina yi. Shirun ne ba zan yi ba. Tun ƙasar kabarinka ba ta bushe ba ake yawo da magana wai kai ka ɗaura wa jar motar nan da ta kama da wuta turbo, ka yi aikin ganganci, ka ƙone kanka. Ba ka bar wa 'ya'yanka gida ba, ba ka bar musu fili ba. Suna ka bari, shi kuma ake son ƙwacewa.

Ni na san abin da ka sani, domin ni na karanta maka. Ka bar makaranta da wuri, ni na zarce. Shekara goma kana zuwa falona duk Asabar da littattafan inji masu kaurin bulo, ina karantawa ina fassara maka, kana ɓata min kujera da baƙin mai. Wani lokaci ka tsayar da ni ka ce, "Yaya, wanda ya rubuta wannan bai taɓa ƙona yatsa ba." Da kai na koyi cewa turbo iska kawai take cusa wa inji. Injin da ba a ƙera shi da ita ba, in ka ƙara masa iska, dole ka ƙara masa mai. Sai an sauya famfon mai, a sa manyan injekta, a zauna a sake koya wa ƙwaƙwalwar injin yawan man da za ta bayar da lokacin da fulogi zai ba da wuta. In ba haka ba, injin ya yi zafi ya cinye kansa. Narkakken fistin ɗin da kake zuba biro a ciki yana nan a teburinka. Shi kake nuna wa masu gaggawa.

Ni ma ka hana ni. Da na ce ka ƙara wa tsohuwar motata ƙarfi don hawan tudun makarantarmu, cewa ka yi, "Yaya, motarki irinki ce. In an ƙara mata aiki ba a ƙara mata abinci ba, faɗa za ta yi." Na jefe ka da littafi. Washegari ka zo ka wanke mata injekta, ka gyara burki, ka tafi ko ruwa ba ka sha ba.

Mai jar motar ya fara zuwa wurinka a watan Afrilu, yana son ka ɗaura mata turbo. Ka ce aikin mako uku ne. Ya ce kwana biyu yake so. Ka ce ya je ya nemi mai yi masa. Ya samu, a ƙarshen layinku. Wancan bakaniken bai sauya famfo ba, bai taɓa ƙwaƙwalwa ba. Filaya ya sa ya matse bututun da rarar mai ke komawa tanki, don man ya riƙa shiga da ƙarfi. Sannan ya haɗa da tsohon tiyo, ya ɗaure da waya, ya bi da shi ta gefen turbo, inda ƙarfe ke yin ja don zafi.

Da motar ta fara ƙwanƙwasa, wurinka mai ita ya dawo, daga gudu, injin na huci. Bai gaya maka abin da aka yi ba. Ka buɗe bonet, ka sunkuya, ka ce, "Kada ka taɓa totur." Mai walda ya ji, mai faci ya ji. Mai motar ya taka, wai don ka ji ƙarar da kyau. Tiyon ya fashe a fuskarka, man ya kama da wuta.

A asibiti, leɓɓanka a kumbure, abin da ka fara tambaya shi ne ko mai motar ya fita lafiya. Ya fita lafiya, ƙanena. Ko gashin girarsa bai babbake ba. Shi ne yanzu ke cewa ka lalata masa mota.

Shekaranjiya bakaniken ƙarshen layi ya zo gaisuwa. Ya jira mutane suka ragu, ya tsugunna kusa da ni, murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Yaya, ni na ɗaure tiyon." Na ce, "Ni ba yayarka ba ce. Kuma ba a kunnena aka ɓata sunan ƙanena ba. Je ka tsakiyar layi, rana tsaka, ka faɗa da irin muryar da kake kiran masu mota." Har yau bai je ba.

Mai motar ya aiko a ba shi gawar motarsa. Ni da matarka mun sa kwaɗo a garejin. Motar tana ciki, haƙoran filaya na nan a jikin bututun, wayar na nan a ƙulle. Ba za ta fita ba sai an faɗi hannun da ya yi aikin, a gaban mutanen da aka gaya wa ƙarya.

Allah Ya jiƙanka, ƙanena. Ya sa zafin kwana huɗun nan ya zama kankarar zunubi, Ya sanyaya makwancinka, Ya haramta wa jikinka wata wuta bayan wannan. Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarmu, wadda ta binne autanta, da matarka, da 'ya'yanka uku, da makanikan da suka ɗauke ka a hannu zuwa asibiti. Allah Ya ba mu haƙuri mai kyau.

Su kuma mutum biyun nan, addu'a ɗaya bakina ya iya yi musu a yanzu: Allah Ya buɗe bakinsu tun suna da sauran numfashi.