Hular Kwano a Kan Zanna

Akwai ranar da ko tsufa bai isa ya goge mini ita ba, ranar da maigidana ya dube ni a tsakar gidanmu ya ce, "Baiwar Allah, wa kike nema?"

A shekarar da aka koma kashe naira ne. Muna zaune a unguwar Bolewa a Potiskum, shi kuma malamin gona ne, kullum yana kan keke tsakanin Potiskum da Danchuwa. Wani abokinsa da ya sayar da babur ya ba shi hular kwano kyauta. Abokin nan Allah ya yi masa kai, don haka hular ta yi wa Malam yawa. Ga shi kuma magidanci ba ya zuwa gaban dagaci kai ba hula, sai ya riƙa sa zannarsa ya kifa kwanon a kai, igiyar tana reto, wai tana cin masa gemu. Na sha yi masa tsiya cewa ya yi kama da murhun da aka ɗora wa tukunya. Dariya kawai yake yi.

Ina jegon 'yarmu ta biyu, ba a daɗe da yin suna ba, wasu Fulani masu kora shanu suka kawo shi da la'asar. Da ƙafarsa ya shigo, ba jini, sai ƙasa a riga, ya rungume hular kwanon a ƙirji. Har na fara yi masa sannu, sai ya yi mini waccan tambayar. Na ɗauka wasa ne. Da ya ga jaririyar a hannuna ya ce, "'Yar waye wannan?" sai na gane ba wasa ba ne. Aka gaya masa, ya gyaɗa kai, jim kaɗan ya sake tambaya.

Kaina ya ɗaure tamau. Mutum ya san hanyar ɗakinsa, ya san uwarsa, ya yi alwala daidai, amma ni da 'yarsa mun zama baƙi.

Surukata, wadda muke kira Iya, ta karɓi hular ta jujjuya ta a hasken rana. Ko ƙwarzane babu. Ta ce da Hausarta ta Barebari, "Kai ɗin lafiya ne. Kwano bai fashe ba, yaya abin ciki zai fashe? Wannan aikin mutanen ɓoye ne." Maƙwabta suka yarda, ni ma na yarda, don maganar ta hau. Aka tuna akwai wata tsamiya a hanyar Danchuwa. Nan da nan gida ya turnuƙe da hayaƙi, wannan ta kawo rubutu, waccan ta kawo tazargade. Malam ya sha rubutun ya amayar, aka ce ai su ne suke fita. Ya ce kansa na sarawa, aka ce su ne suke fushi. Duk abin da ya yi sai an samo masa fassara, ni kuwa ina gefe ina kuka, ban ma san abin da zan roƙa ba.

Washegari da hantsi ɗaya daga cikin Fulanin ya dawo da keken. Yayan Malam ya tare shi a zaure, ni kuma na laɓe a bayan ƙofa.

"Yaya mai jiki? An kai shi asibiti?"

"Ai ba ciwon asibiti ba ne. Da hular kwano ya faɗi."

Bafulatanin ya ce, "A'a, Malam. Keke ya shiga yashi, kwano ya tashi tun mutum bai kai ƙasa ba. Can cikin gero na ɗauko shi. Ƙeya ne ya bugi dutse, a idona."

Ban san lokacin da na koma ciki ba. Na cire wa Malam zannar da ba wanda ya yi tunanin cirewa tun jiya, na shafa ƙeyarsa, sai ga ƙulu kamar ƙwan zabo. Iya ma ta taɓa wurin. Ita da kanta ta ce a nemo mota.

Ban bi su ba, mai jego ba ta fita. Kwanakin da ya yi a asibiti ban san ɗanɗanon kunun kanwa ba. Likita ya ce jijjigar ƙwaƙwalwa ce, an yi sa'a jini bai taru ba. Ranar da aka sallamo shi, tun daga ƙofa ya kira ni da sunan da shi kaɗai yake kirana da shi, na zauna a ƙasa na yi kukan da ya fi na farko.

Amma ba duka ya dawo ba. Haihuwar yarinyar nan da sunanta sun tafi ke nan. Shi ya yi mata huɗuba, shi ya zaɓi sunan, amma har ya koma ga Allah sai dai a ba shi labari. Ranar aurenta ya ce mini, "Sake gaya mini, da aka miƙo mini ita me na ce?"

Abin da na koya shi ne, kariyar da ba ta zauna daidai ba ta fi babu haɗari, don tana sa mutane su saki jiki. Shi ya sa duk jikan da ya zo gaishe ni a kan keke ko babur sai na kama hular kwanonsa na girgiza. In ta motsa, ba zai bar ƙofar gidana ba sai ya ɗaure.