Jan Ruwa a Kwatar Gidan Kallamu

Ranar Talata, 14 ga Yuni, 2022, na fara ganin Malam Kallamu. Ban daɗe da kama aikin akawu a ɗakin ajiya na ƙungiyar manoman Gidan Marke ba, wani ƙauye da ke gaba da Dawakin Tofa, kuma ranar muna rabon taki da iri. Layi ya kai har gindin darbejiya. Shi bai shiga layin ba. Ya tsuguna a bakin ƙofa, duk buhun da aka farke sai ya miƙa hannu ya ɗauke zaren ɗinkin, ya warware shi a hankali, ya naɗe a jikin wani guntun kara. Dogo ne, siriri, mai furfura a gemu, rigarsa tsaf amma ta sha faci. Na tambaye shi ko sunansa yana cikin masu karɓa. Ya ce ya karɓi nasa tun da safe, wannan kuma abin da muka zubar yake kwashewa.

Da ya ji ana cewa ni Bafillace ne, sai ya ɗago ya dube ni da kyau.

"Ashe bawana aka kawo mana," in ji shi. "To ka riƙa tara min zaren nan, kada in dawo in tarar ka ɗaure maraƙi da shi."

Na ce masa tun da nake ban taɓa ganin ubangidan da ke tsintar zare a ƙofar bawansa ba. Daga nan muka saba. Mahaifinsa Babarbare ne, abokin wasanmu Fulani, fatauci ya kawo shi ƙasar Kano, ya yi aure, ya sayi gona ɗaya a jikin gida, ya mutu ya bar ta. Wannan gonar ita ce duk abin da Kallamu ya mallaka. A yankinmu gona tana jikin gona, gida yana jikin gida, babu wani daji da mutum zai je ya sare. Wanda ya sayar da tasa ya rabu da noma ke nan, sai dai ƙwadago a gonar wani.

Tsiminsa sananne ne a ƙauyen, wasu na yabo, wasu na dariya. Ba a sayen ashana a gidansa, domin matarsa Sakinatu takan binne garwashi a toka ya kwana. Guntayen sabulu ana haɗa su a matse su koma dunƙule ɗaya. Ruwan da aka wanke hatsi na tumaki ne, kashin tumakin da tokar murhu kuma na gona. Na taɓa ganin takalminsa na roba kusa da kusa a masallaci, na rasa inda asalin takalmin ya ƙare, inda gyara ya fara. Ba marowaci ba ne. In ka je gidansa za a ba ka fura, sai dai zai tsaya har ka shanye, ya zuba ruwa ya girgiza ƙwaryar ya ba ka ragowar.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda yake auna rumbunsa. Ba ya hawa ya leƙa. Yakan bi jikin rumbun yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa daga sama zuwa ƙasa, kamar mai zaɓen kankana, har ya ji inda sautin ya daina amsawa. Sai ya ja layi da farce a wurin. Daga wannan layin yake sanin ko hatsin zai kai su sabon gero, kuma yake gaya wa Sakinatu yawan abin da za ta ɗiba. Ya ce min tun da ya gaji gidan bai taɓa kuskure ba.

A bazarar 2024 ne 'yarsa Juwairiyya ta dawo gida da 'ya'ya uku, bayan ta fita takabar mijinta, wanda ya rasu a hatsarin mota a hanyar kai tumatir kudu. Shekarar ce kuma kwanon hatsi ya yi tsadar da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Rumbun da aka cika don baki biyu da baƙo ya koma ciyar da baki shida.

Maƙwabcinsa Alhaji Hashimu, mai sayar da bulo, ya daɗe yana son gefen gonar da ke kallon hanya. Ba mugun mutum ba ne, kuma ba a ɓoye yake nema ba. A gabana ya sake yi masa maganar bayan sallar La'asar, ya ce ko rabi ne a yanka masa, ko kuma a ba shi jingina har Allah ya kawo sauƙi, don yaran nan marayu ne, bai kamata su ji yunwa ana kallo ba. Kallamu ya yi masa godiya, ya yi masa addu'a mai tsawo. Da muka juya sai ya ce da ni ƙasa-ƙasa, duk gonar da aka zuba wa bulo ba ta sake ganin gero.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka. A farkon Yuli rufin ɗakin ajiyarmu ya yi yoyo, ya jiƙa buhu biyu na irin masara da suka rage. Irin nan ne da ake cuɗawa da maganin ƙwari, ja jawur kamar an rina shi, kuma a jikin buhun an zana ƙoƙon kan mutum, an rubuta ba na ci ba ne, ba na dabba ba ne. Shugaban ƙungiya ya ce a binne. Na rubuta su a matsayin waɗanda suka lalace, na tsaya aka haƙa rami a bayan ɗakin, aka jefa, aka rufe. Kallamu yana tsaye a nesa da karansa na zare a hannu. Bai ce komai ba, kuma shi ba mutum ne da ake zubar da abu a gabansa ya yi shiru ba.

Bayan kwana biyu na zagaya bayan ɗakin, na ga tudun ramin ya lotsa. An mayar da ƙasar an daddaɓe ta da kyau, har an share wurin. Masu aikinmu ba sa shara bayan sun gama aiki.

Hanyata ta zuwa aiki ta bayan gidansa take. Washegari na ga ruwan da ke fitowa daga kwatar gidan ja ne. Ya gangara ya taru a wani ɗan kwari, ya kwanta kamar inda aka yanka rago. Kashegarinsa ya zama ruwan hoda. Haka yake ta dusashewa kullum, har ranar da na ga ya koma ruwan wanki kamar na kowa. Wannan ranar ce hankalina ya fi tashi.

Na same shi a zaure. Bai musa ba. Ya ce ya jiƙa masarar, ya wanke ta da ruwan toka, ya sake wankewa har jan ya fita, ya shanya a kan soro, ya kai wani ƙauye aka surfe aka niƙa. Ya kawo garin a tafin hannunsa ya nuna min, fari sol. Na gaya masa abin da malamin gona ya gaya mana, cewa jan launi ne kawai aka sa don mutane su gane, maganin kansa ba shi da launi, kuma iri da ya jiƙe ya riga ya sha. Ya saurare ni har na gama, kamar yadda yake sauraron wa'azi. Sannan ya nuna min wata jar kaza da ya ɗaure a ƙafa a gindin turke. Ya ce mako guda ke nan tana cin tsakin masarar, jiya ma ta yi ƙwai.

"Malam, kai ba kaza ba ne," na ce.

"Na fi ta girma, ai. Abin da bai kayar da ita ba, ni zai kayar?"

Daga cikin gida Sakinatu ta yi magana, ba ta fito ba. Ta ce in gaya masa, tun da ni yake jin maganata, tukunyarta ba za ta ga garin nan ba, kuma ranar da ya kusanci bakin jikokinta da shi za ta kwashe su ta tafi gidan yayanta. Ya ce ai ya ji tun jiya, kuma ya rantse mata ba yaron da zai taɓa. Na ɗauka maganar ta mutu ke nan. Na roƙe shi ya zubar. Ya ce in sha Allahu, yana kallon wani wuri.

Na kai maganar ga shugaban ƙungiya da liman. Suka je suka yi masa nasiha, ya ce musu garin ba ya cikin gidansa, su shiga su duba. Gaskiya ya faɗa. Daga baya muka gane ya kai shi bukkar gonarsa ya rataye a cikin tulu.

Abin da ya shirya ke nan, kamar yadda ya bayyana min da bakinsa wata rana da na bi hayaƙi na same shi a gindin gawo yana tuƙa tuwo a wata tsohuwar langa. Ya ƙwanƙwasa rumbu, ya ga hatsin zai ƙare saura kusan mako uku gero ya nuna. In aka cire bakin babban mutum ɗaya, zai kai. Shi ne ya cire nasa. Da rana yana cin wannan a gona, da dare ya ce musu ya ƙoshi, ko ya taɓa loma biyu ya tura wa yara kwanon. Litinin da Alhamis yana azumi, wannan ma ya sa shi a lissafi.

Na ce zan kawo masa kwano biyar na dawa daga gidana. Ya ce ya san albashina, ya san yawan 'ya'yana, kada in mayar da yunwar gidansa gidana. Na kai duk da haka na ba Sakinatu, na kuma gaya mata abin da na gani. Ta ce ta sani tun ranar da ta ga ya fara ajiye mata itace yana ɗibar ƙirare. Ta je gonar sau biyu ta nemi tulun ba ta samu ba, don ya sauya masa wuri. Dawar da na kai kuwa, ya ƙara ta a kan lissafin yara, bai dawo da bakinsa ba.

A watan Agusta aka shiga marka. Gero ya fitar da kai, ƙauye ya yi kore shar, gidaje da yawa kuma sun koma kwaɗon rama da tafasa. Kallamu yana nan yana zuwa ɗakin ajiya, ko da yake babu buhun farkewa. Na lura yana yawan goge baki da hannun riga. Sannan na ga yana gumi a ranar da kowa ke neman mayafi. Wata rana zare ya faɗi daga hannunsa, ya sunkuya yana lalube a gefen inda yake, zaren kuwa yana kan ƙafarsa. Na ɗauka na ba shi. Yatsunsa suna rawa, ya ɓoye su a aljihu.

"Tsufa ne, Bafillace," in ji shi. "Kai ma yana nan tafe."

Na tambaye shi labarin jar kazar. Ya ce ta daina ƙwai, sai ya yanka kafin ta yi asara. Na tambaye shi wa ya ci. Ya ce shi kaɗai, a gona.

A sahun sallah yakan tsaya kusa da ni. A makon ƙarshe na watan na ji yadda numfashinsa ke fita da ƙara, kuma in an ɗago daga sujada sai ya dafa gwiwata. Bayan an sallame ya ce min ya ƙwanƙwasa rumbu da safe, lissafi ya tsaya daidai, saura kaɗan. Yana murmushi da ya faɗa. Ya ce garin ma ya kusa ƙarewa, ba a yi asarar ko tafi ɗaya ba.

Ranar Asabar ta ƙarshen Agusta Juwairiyya ta kai masa ruwa gona ta tarar da shi a kwance tsakanin kunya, bakinsa na kumfa, langar tana kan murhu. Motar Alhaji Hashimu ta ɗaukar bulo ce ta kai shi asibiti a birni. Ya yi sama da wata guda a can. Likita ya tambayi abin da yake ci, aka gaya masa, bai ƙara tambayar komai ba. Sakinatu ta sayar da tumakin, ba su isa ba. A mako na biyu ta aika aka kira Alhaji Hashimu da dagaci, aka ja igiya a gonar, aka yanke rabin da ke kallon hanya aka sayar wa Alhajin. Alhaji ya bari sai da aka girbe geron da ke kai.

Rumbun ya kai su sabon gero, har da ragowar da ta rufe gindinsa. Babu yaron da ya yi ko ciwon ciki.

Malam Kallamu yana raye. An dawo da shi gida a farkon Oktoba. Hannunsa bai daina rawa ba, idonsa kuma ba ya rarrabe fuska sai an matso. Ba ya iya riƙe fartanya, Juwairiyya da uwarta ke biyan ƙwadago a noma rabin da ya rage. An gina shaguna huɗu a ɗaya rabin, bayansu yana kallon zaurensa, inda yake wuni. Ina tara masa zaren buhu in kai masa ranar Juma'a, yana warwarewa da lalube.